Da Wace Tiya Ake Auna Talaucin Gangara?

[Kiɗan buɗe shiri, a sassauta]

Shirinmu na musamman na yau daga Damargu ya taso, daga Gangara ta gundumar Tanut a jahar Damagaram, ba Gangara ta wajen Gazawa ba. Muna gaida mutanen Tanut da Olelewa da Falanko, muna gaida na Tarka da Belbeji, manomanku da makiyayanku, iyaye mata da ke bakin rijiya da samarin da ke can wajen cin rani.

Ku riƙe mini lambobi uku a ka. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa, INS, a binciken gidaje da ta yi daga 2021 zuwa 2022, ta samu kusan mutum 41 cikin kowane 100 a Nijar matalauta ne. Bankin Duniya ya ɗauki wannan binciken ɗaya, ya ɗora shi a kan nasa ma'auni, sai ya samu kusan 60 cikin 100. Hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya da masanan jami'ar Oksfod kuwa, da suka yi aiki da alƙaluman 2012, wajen 90 cikin 100 suka ce.

Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Duk wanda ya taɓa sayen hatsi ya san tiyar wannan kasuwa ba lalle ta zo daidai da ta waccan ba, kuma awon da aka tsaga baki daban yake da wanda aka yi wa tozo. Kowa da tiyarsa ya shigo. Abin da ya dame ni shi ne, da waɗannan lambobi ake yanke inda furoje zai sauka da sunan wanda zai shiga takardar tallafi, alhali mutanen da ake aunawa ba kasafai ake gaya musu yadda aka yi awon ba.

[Kiɗa kaɗan]

Mu fara da ma'aunin Bankin Duniya, tunda shi ya fi yawo a bakin mutane. A 1990 ne bankin ya fito da maganar dala ɗaya a rana. Dalar Amurka nake nufi, ba dalarmu ta kasuwa ba. Wani masanin tattalin arziki ɗan Ostareliya, Martin Ravallion, shi da abokan aikinsa suka duba inda ƙasashe marasa ƙarfi suka ja wa kansu layin talauci, suka ga layukan sun taru kusa da dala ɗaya. A 2008 aka ɗaga shi zuwa dala 1.25, kuma wannan karon matsakaicin layukan ƙasashe 15 mafiya talauci aka ɗauka. Nijar na cikin sha biyar ɗin, tare da Mali da Chadi da Gana. Wato layin da aka auna Indiya da Sin da shi na tsawon shekaru, da hannun Nijar a ciki. A 2015 ya koma dala 1.90, a 2022 ya koma 2.15, a watan Yunin 2025 ya zama dala 3.

Ku ji abin da sauyin ƙarshe ya haifar. Kafin a yi shi, bankin na cewa mutum miliyan 713 ne ke cikin matsanancin talauci a duniya a 2022. Bayan an yi, sai adadin wannan shekarar ɗaya ya koma miliyan 838. Mutum miliyan 125 suka ƙaru, ba fari aka yi ba, ba yaƙi ba. Sababbin farashi aka shigar, sannan ƙasashe matalauta da dama, har da na yammacin Afirka, sun gyara bincikensu sun ɗaga layukansu. A Nijar, da layin 2.15 kusan rabin jama'a ne ke ƙasa, da layin dala 3 sai suka zama 6 cikin 10.

Kada wani ya ruga wajen ɗan canji ya ce dala 3 ta haura jika ɗaya da rabi. Ba haka ake lissafin ba. Abin da ake tambaya shi ne, kayan da dala 3 ke saye a Amurka, sefa nawa ne ke sayen kwatankwacinsu a Nijar? Akwai wani babban aiki na kwatanta farashi tsakanin ƙasashe da aka soma tun 1968, shi ke ba da amsa. Da wannan lissafi, layin dala 3 a Nijar bai kai jika ɗaya ba. Dabarar na da amfani, don ba tare da ita ba babu yadda za a jera Nijar da Nepal a takarda ɗaya. Amma farashin ƙasa baki ɗaya ake ɗauka, na shekara baki ɗaya, kuma mutumin Gangara bai taɓa sayen hatsi da matsakaicin farashi ba. Da farashin ranar kasuwa yake saye.

Ƙasashe masu arziki ma ba su bi wannan layi ba. A Amurka, wata ma'aikaciyar gwamnati, Mollie Orshansky, ta lissafa kuɗin abinci mafi araha a farkon shekarun 1960, ta ninka shi uku, kuma har yau a kan wannan tushe suke. A 2024 layinsu na gida mai mutum huɗu dala 31,200 ne a shekara, abin da ya haura sefa miliyan 18. A Tarayyar Turai kuwa, wanda samunsa bai kai kashi 60 cikin 100 na samun mutumin tsakiya a ƙasarsa ba shi ake sa wa ido. Can da maƙwabci ake gwada mutum, nan kuwa da abin da zai riƙe rai.

[Kiɗa kaɗan]

To, ita lambar tamu ta gida, 41 ɗin nan, daga ina ta fito?

Ƙasashe takwas na ƙungiyar UEMOA, har da Nijar, sun daidaita hanyar bincikensu tun daga 2018. A Nijar gidaje wajen 6,000 ake zaɓa. Ɗan bincike zai zauna da maigida ko uwargida ya tambaya: cikin kwana bakwai da suka wuce, me kuka ci? Nawa kuka saya, nawa kuka ɗebo daga rumbu, nawa aka ba ku kyauta? Hatsin rumbu ma kuɗi ake yi masa. Sai a haɗa da sutura, magani, kuɗin makaranta, sabulu, mota, har da kimar ɗakin da ake kwana. A tara na shekara, a raba da yawan mutanen gida. Shi kuma layin, ana fara shi ne da kuɗin abincin da zai ba mutum kalori 2,300 a rana, a ɗora masa ɗan abin buƙatun da ba na ci ba. A binciken 2018 zuwa 2019 ya kama sefa 181,782 ga mutum ɗaya a shekara, wato wajen dala ɗari a rana da lissafin kasuwa, sefa 500. A lokacin jahar Damagaram ta fito da kusan 48 cikin 100, Yamai kuwa ba ta kai 10 ba.

Wannan aiki ne na gaske, kuma masu yin sa suna shan rana da tafiya. Sai dai an tsara shi ne ya yi magana a kan ƙasa da jahohi. Ba ya sauka zuwa gunduma, balle ƙaramar hukuma. Lambar da ake ba Gangara lambar jahar Damagaram ce, wadda ta haɗa birnin Zindar da lambunan Matamai da Magarya da rairayin Damargu a kwano ɗaya. Wanda ya san ƙasar ya san ruwan saman kudu da na Tanut ba ɗaya ba ne.

Akwai kuma wani abu da ya kamata kowane ɗan jarida da kowane ɗan siyasa ya sani kafin ya ce talauci ya ragu ko ya ƙaru. Masana uku, Prospère Backiny-Yetna da Diane Steele da Ismael Yacoubou Djima, sun yi gwaji a nan Nijar, suka fitar da sakamakon a 2014. Wasu gidaje an tambaye su abin da suka tuna sun ci a mako, wasu an tambaye su abin da suka saba ci a wata, wasu kuma an riƙa rubuta abincinsu kullum har kwana bakwai. Waɗanda aka tambaya daga tuni sun fito da kashe kuɗi da ya fi na waɗanda aka rubuta wa da kashi 28 cikin 100. Yawan matalauta ya bambanta da aƙalla maki 8, saboda salon tambaya kaɗai. Yanzu ku duba: binciken 2007 zuwa 2008 da rubutun kullum aka yi shi, ya ba da 59.5. Na 2011 da tuni aka yi shi, ya ba da 48.2. Duk wanda ya jera waɗannan biyu ya yi guɗa, ya yi gaggawa.

[Kiɗa, sannan a sassauta]

Masu sauraro, yanzu mun iso inda nake so mu daɗe.

Damargu ba ƙasar da aka sani da roƙo ba ce. Rumbu ce. Tun kafin Turawa, ayarin Abzinawa a nan yake lodin hatsin da ke ciyar da Agadas da duwatsun Abzin. Bajamushen nan matafiyi, Heinrich Barth, ya ratsa ta a watan Janairun 1851 ya ga haka da idonsa. Amma noma ne a bakin iyaka. Dokar 1961 da ta shata iyakar noma ta arewa ba nisa da nan ta ja layinta ba, ruwan shekara kuma sau da yawa tsakanin milimita 200 da 300 yake tsayawa. Shekara ɗaya rumbu ya cika har a gina sabo, shekara biyu a bayanta a tashi da kara.

A irin wannan ƙasa, idan kana so ka san halin gida, ba ka tambayar nawa suke kashewa a rana. Tambayar ita ce: hatsinku wane wata ya kai ku? Gida mai mutum takwas na cin wajen tiya biyu a rana, kusan buhu 18 ke nan a shekara. Wanda nomansa ya kai shi kaka ya tsira. Wanda nasa ya ƙare da faɗuwar ruwan farko zai yi noma da rance. Wanda nasa ya ƙare tun sanyi bai fita ba, shi ne za ka ga ya bar gonarsa yana ƙwadago a ta wani lokacin da tasa ke neman hannu, don a samu tiyar da za a kwana da ita. Gonarsa ta yi ciyawa, baɗi ma ya tashi da kaɗan. Haka talauci ke haihuwar kansa a nan.

Malamanmu sun daɗe da sanin wannan. A mazhabar Malikiyya da muke bi, faƙiri shi ne wanda abin hannunsa ba zai kai shi shekara ba, miskini kuwa shi ne wanda ba ya da komai. Shekara suka ɗauka a matsayin ma'auni. Nisabin hatsi wusƙi biyar ne, wajen kilo 650, buhu shida da rabi. Ashe mai iyali takwas na iya fitar da zakka ranar sussuka, kuma ya cancanci a ba shi zakka kafin damina ta tsaya, malaman Malikiyya sun halatta hakan. Ni a ganina wannan fahimta ta fi kusa da rayuwar Damargu fiye da kowane lissafi na kullum-kullum.

Masu binciken INS ba su jahilci wannan ba. Shi ya sa suke fita sau biyu, rabin gidajen bayan kaka, rabin kuma daga bazara zuwa farkon damina. Amma a ƙarshe lamba ɗaya ake fitarwa ta shekara, ƙoshin Nuwamba ya rufe yunwar Agusta.

Bari in ba da misali, ba da wani gida na musamman nake ba. Gidaje biyu a gari ɗaya, ɗan bincike ya same su a watan Yuni, duka sun ci tuwo da fura daidai gwargwado a makon nan. Na farko daga rumbunsa ya ɗebo. Na biyu akuyarsa ta ƙarshe ya kai kasuwa, ko ya jinginar da gona, ko ya karɓi hatsi bashi da alkawarin biya ninki da kaka. A lissafin kashe kuɗi gidajen nan biyu ɗaya ne, ƙila ma duka suna saman layi. A gari kuwa babu yaron da bai san wanda ke nitsewa ba. Takardar bincike na tambayar dabbobi da bashi da masifun da suka faɗa wa gida, amma waɗannan amsoshi ba sa shiga lambar da ake shelantawa a rediyo.

Haka nan raba kuɗi da yawan kawuna yana ɗauka cewa kowa a gida rabonsa ɗaya. Duk wadda ta taɓa raba tuwo a gidan mata biyu ko uku a lokacin ƙunci ta san wa ke ci ƙarshe.

Shekarar 2005 ta koya mana wannan darasi da tsada. Fari da fara sun taɓa amfanin 2004, amma giɓin hatsin ƙasa bai kai girman wahalar da aka sha ba. Farashi ne ya tashi, buhu ya kai jika 30 a wasu kasuwanni, bisashe kuma suka faɗi warwas, sai ka sayar da tumaki da yawa kafin ka ɗauki buhu ɗaya. Yaran da suka fi cika cibiyoyin tamowa daga Maraɗi da Damagaram suka fito, jahohin noma. Masanin nan na Indiya, Amartya Sen, ya riga ya bayyana haka a littafinsa na 1981 kan talauci da yunwa, wanda ya taɓo har da Sahel: ana iya mutuwa da yunwa kasuwa cike da hatsi, idan abin da kake da shi ya daina isa ya saye shi.

[Kiɗa kaɗan]

Ma'auni na uku, mai cewa 90, ya bar maganar kuɗi gaba ɗaya. Sabina Alkire da James Foster ne suka tsara hanyar, aka soma wallafa shi a 2010. Abubuwa goma yake dubawa a fannin lafiya da ilimi da zaman gida: ko akwai mai tamowa, ko yaro ya rasu, ko wani a gidan ya yi shekara shida a makaranta, ko yara na zuwa, da me ake girki, akwai makewayi, akwai wuta, da me aka yi ɗaki, me aka mallaka, ruwan sha kuma mai tsabta ne, ba ya cin fiye da rabin awa zuwa da dawowa. Gidan da ya rasa kashi ɗaya cikin uku na waɗannan, gwargwadon nauyinsu, matalauci ne.

Wannan ma'auni ya ga abin da na kuɗi bai gani ba. Ya ga macen Damargu da ke kashe rabin wuninta a rijiya mai zurfin da sai da jaki ko raƙumi ake jan guga. Kuma yana nuna yatsa inda ya dace, don rashin famfo da makaranta da likita ba laifin maigida ba ne, aikin hukuma ne da bai iso ba. Matatar mai ta SORAZ a cikin gundumar Tanut take, tun 2011 take aiki, tana ƙara wa lissafin arzikin ƙasa nauyi. Ma'auni irin wannan ne ke iya tambaya ko wani abu ya canza a ƙauyukan da ke kewaye da ita. A Najeriya ma haka ta faru: ma'aunin kuɗi ya ba da kashi 40 a 2019, irin wannan ma'auni kuwa ya ba da kashi 63 a 2022, mutum miliyan 133.

Amma shi ma yana da makantarsa. Cikin kayan da yake ƙirgawa akwai rediyo, waya, keke, babur, har da amalanke. Babu saniya, babu raƙumi. Bafillace ko Buzu mai garke, da ke kwana a bukka yana shan ruwan tafki, a takarda ɗaya yake da wanda bai da ko kaza. Sannan inda 9 cikin 10 suka faɗa, ma'aunin bai gaya maka wa za ka fara ba wa ba.

Wannan tambaya ta wa za a fara ba wa ita ce ke raba gari. A ƙarshen 2005 ƙungiyar Red Cross ta Birtaniya ta raba tsabar kuɗi ga gidaje fiye da 5,000 a gundumar Tanut, kuma yana cikin rabon kuɗi na farko-farko a ƙasar. Daga 2011 gwamnati ta soma nata shiri na jika 10 a wata, inda kwamfuta ke ba kowane gida maki daga irin rufin ɗaki da yawan iyali da kayan da aka mallaka. Wasu ƙungiyoyi kuma taron gari suke kira, a kasa gidaje kashi huɗu daga mafi rauni zuwa masu hali. Cibiyar bincike ta LASDEL da ke Yamai, ƙarƙashin jagorancin Jean-Pierre Olivier de Sardan, ta bi sawun waɗannan rabe-rabe a wurare da dama, har da Olelewa maƙwabciyar Gangara. Abin da ta samu shi ne zargi ya yi yawa. Mutane ba su gane dalilin da aka ɗauki wannan aka bar wancan ba, alhali bambancinsu bai taka kara ya karya ba, a wasu garuruwa kuma da baƙin sun juya baya sai a tattara kuɗin a sake rabawa yadda gari ya ga ya dace. Ni ban ɗauki wannan a matsayin rashin gaskiya kaɗai ba. Sau da yawa gari ne ke cewa awon da aka yi bai yi daidai da abin da ya sani ba, kodayake a irin wannan sake rabo mai ƙarfi na iya danne gwauruwa da maraya, wannan ma gaskiya ce.

Ba na cikin masu cewa a watsar da lambobi. Ƙasar da ba ta ƙirga matalautanta ta ba kowane mai mulki damar cewa babu yunwa, kuma mun ji an faɗi haka a 2005. Abin da nake roƙo bai fi ƙarfinmu ba. Kowace shekara bayan kaka, tsarin gargaɗin gaggawa na ƙasa yana fitar da jerin garuruwan da nomansu ya gaza. Wato tambayar rumbu tana nan a wani ofis, lambar talauci tana wani ofis. A haɗa su a takarda ɗaya, ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma, a karanta da Hausa da Tamajik da Fulatanci da Barbarci a gidajen rediyon karkara, don shugabannin ƙaramar hukumar Gangara su riƙe abin da za su yi gardama da shi a Tanut da Zindar.

Ku kuma, iyayena da ƴan'uwana, idan ɗan bincike ya yi sallama, a ba shi tabarma, a gaya masa gaskiya, har da akuyar da aka sayar da bashin da aka ci. Ɓoye dukiya don a shiga takarda yana ɓata lissafin gari duka, ɓoye rashi don kunya shi ma haka. Idan kuma masu rabon tallafi ne suka zo, maigari da limami da shugabar mata suna da haƙƙin su tambaya a gaban jama'a: da me kuka auna, a wane wata kuka auna, kuma wanda aka bari a ina zai kai kuka?

A nan za mu dasa aya. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu, a huta lafiya.

[Kiɗan rufe shiri]